Abin da doka ta ce kan ɗaukar malamin adabi ko aikin jarida a jami'a

Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin za a ɗauki malamai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tambayar da ake fara yi a majalisun Sakkwato ita ce, "Wa ka sani a ciki?" Amma akwai ƙa'idoji a rubuce, kuma wanda bai san su ba ba zai gane ko an tauye masa haƙƙi ba.

Jami'ar ta gwamnatin tarayya ce, tun kafa ta a 1975. Don haka sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya hau kanta: kada jiha ɗaya ko ƙabila ɗaya ta mamaye guraben aiki. Hukumar Raba Daidai, wadda aka kafa da doka a 1996, ita ke sa ido. Ƙa'idarta ta ce a tallata guraben a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba masu nema makonni shida. Wato ɗan Binji ba shi da fifiko kan ɗan Enugu don kawai jami'ar tana jiharsu. A nan ne ake samun cikas da sashen Hausa, domin masu digirin Hausa kusan duk 'yan Arewa ne. Daidaiton da ya fi ma'ana shi ne na jimillar ma'aikatan jami'a, ba na kowane sashe ba. Ita kuwa Jami'ar Jihar Sakkwato, sashe na 14(4) ne ya shafe ta, abin dubawa shi ne ƙananan hukumomi 23.

Takardar bautar ƙasa ba ta da makawa, ko ta kammalawa ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama digiri.

Sai matakai. Mai digirin farko da sakamako mai kyau yakan shiga a matsayin mai koyon koyarwa, da sharaɗin ya yi digiri na biyu. Mai digiri na biyu mataimakin lakcara ne. Mai digirin digirgir yakan fara daga lakcara mai daraja ta biyu, kuma ba a kai babban lakcara sai da shi. Wannan yana yi wa 'yan jarida ciwo. Mutum ya yi shekara ashirin yana karanta labarai a rediyo, muryarsa ta shiga kowane gida, amma kwamitin ɗaukar aiki takardu yake ƙirgawa: digiri nawa, maƙala nawa a mujallun ilimi. Haka marubucin da ya wallafa littattafan hikaya. Kowace jami'a da irin makin da take ba aikin ƙirƙira, kuma a ganina ana rage masa daraja.

Akwai kuma sauyin da masu digirin aikin jarida ya kamata su lura da shi. Hukumar Kula da Jami'o'i ta rarraba fannin zuwa digirori daban-daban, kamar watsa shirye-shirye, hulɗa da jama'a, talla da harkar fim, sabon manhajinta na 2022 kuma ya tabbatar da haka. Yanzu tallar gurbin aiki kan fayyace reshen da ake buƙata. Mai nema ya karanta tallar da kyau, ya ga ko binciken digirinsa na biyu ya faɗa cikin reshen kafin ya kashe kuɗin buga takardu.