Kumburi ko ƙari a jikin hamsta, da yadda ake yi in kuɗi sun yi ƙaranci

Kumburi a jikin hamsta shi ne duk wani tudu ko dunƙule da ya fito a kan fatarsa ko a ƙarƙashinta wanda a da babu shi, kuma yana cikin manyan abubuwan da suke tayar wa masu kiwonsa hankali. Shi hamsta dangin ɓera ne, ɗan kuttuɓ mai guntuwar wutsiya, ba shi ne ɓeran Masar ba duk da mutane suna yawan haɗa su. Wanda aka fi kiwo shi ne ɗan Siriya mai ruwan zinare, Mesocricetus auratus a sunan kimiyya, kuma kusan duk waɗanda ake kiwo a gidaje yanzu asalinsu wata uwa ce da 'ya'yanta da wani masanin dabbobi Israel Aharoni ya haƙo kusa da birnin Halab a 1930. Nauyinsa gram 100 zuwa 150 ne, wasu su ɗan wuce haka, sai kuma ƙananan jinsi irin Campbell da Roborovski da basa wuce gram 20 zuwa 50. Dukkansu shekara 2 zuwa 3 suke rayuwa.

A nan Kano yawanci yara ne da matasa suke ajiye shi, a siya a wajen masu saida tsuntsaye da zomaye ko a gani a WhatsApp da Instagram a yi oda. To ranar da aka wayi gari aka shafo dunƙule a jikinsa sai lissafi ya tsaya, dan kuɗin ganin likita kaɗai zai iya fin kuɗin da aka siye shi, ga halin da ake ciki, yaro ma bazai iya buɗe baki ya ce Baba a kai min hamsta asibiti ba. Abin da ya kamata mai ɗan kuɗi ya riƙe shi ne, ɗan abin da ke hannunsa ya kashe shi wajen sanin menene kumburin, kar ya ƙarar da shi a kemis.

Abin da ba ciwo ba ne

Kafin a tashi hankali a fara duba waɗannan, dan da yawa daga cikin abin da sabon mai kiwo yake gani halitta ce kawai. Hamsta yana da jaka a cikin kumatunsa hagu da dama, kuma jakar nan doguwa ce tana kaiwa har kafaɗa, in ya cusa abinci a ciki sai ka ga gefen wuyansa ya yi tsiri, wani sa'in ma gefe ɗaya kawai. Ka ba shi 'yan awanni ka sake dubawa, in ya je ma'ajiyarsa ya zazzage shikenan babu komai.

Ɗan Siriya kuma yana da tabo baƙi guda biyu, ɗaya a kowane kwiɓi, wani lokacin da ɗan tudu da maiƙo, wajen fitar da warin da yake shata iyakarsa da shi ne, ya fi fitowa a jikin namiji. Ƙananan jinsi nasu a tsakiyar ciki yake wajen cibiya. Sannan marainan namiji manya ne sosai in aka kwatanta da jikinsa, da zafi suna ƙara saukowa, mutane da dama sun ɗauka ƙari ne. Mace kuwa in ta haɗu da namiji to ciki ne abin fara zargi, na 'yar Siriya kwana 16 ne kacal. Ƙa'ida mai sauƙi: abin da ke ɓangare biyu daidai wa daida yawanci halitta ne, wanda ke gefe ɗaya kuma baya tafiya shi ake bibiya.

Ƙurji, ƙari, da jakar kumatu da ta toshe

Ƙurji mai mugunya shi ne wanda ya fi sauƙin magani, shi ya sa yake da ciwo a ga an bar shi ya kashe dabba. Yana fitowa da sauri cikin 'yan kwanaki, wajen ya yi ja da ɗumi, in ka taɓa ya zabura ko ya kai cizo, wani sa'in ka ga ɗan ɓawon miki a kai. Sanadinsa yawanci cizo ne. Ɗan Siriya baya zama da ɗan'uwansa in ya girma, ko uwarsu ɗaya, amma masu saidawa suna tara su a keji ɗaya, mai siye ma ya siyi biyu wai dan kar kewa ta dame shi, da dare su yi ta faɗa ba wanda ya sani. Tsinin waya a keji ma yana jawowa, haka haƙori. Haƙoransa na gaba basa daina tsiro har ya mutu, in ɗaya ya karye ko ya karkace ko tushen haƙori ya ruɓe sai kumburi ya fito a muƙamuƙi ko ƙarƙashin ido, har idon ya turo waje.

Jakar kumatu tana toshewa in aka ba shi abu mai danƙo, alawa, dabino, cingam, ko ya cusa auduga. Alamarta kumburin kunci da ya kwana bai sauka ba, da wari a baki, da yawan sa hannu yana turawa. Likita yana iya zazzage ta ya wanke, aiki ne ƙarami in an zo da wuri, in an bari kuma abincin ya ruɓe a ciki ya koma ƙurji.

Ƙari kuma nama ne da ya tsiro, ya fi kama wanda ya haura shekara ɗaya da rabi. Yawanci a hankali yake girma, babu ɗumi, da farko baya masa zafi. Akwai mai zama waje ɗaya akwai na daji mai yaɗuwa. Ƙananan jinsi suna yawan samun na fata da na nono. Akwai kuma wata ƙwayar cuta, polyomavirus ta hamsta, da take yaɗuwa ta fitsari, tana kawo 'yan tsiro masu yawa a fuska da jiki ko kansar kaluluwa har a jikin 'ya'ya ƙanana, ita babu maganinta. Tsoho kuma in cikinsa gaba ɗaya ya kumbura yana iya zama ruwa ne ko ƙulli masu ruwa a hanta.

Duk waɗannan alamu jagora ne kawai fa. Wanda ke motsi a ƙarƙashin yatsa ya fi ba da kyakkyawan zato a kan wanda ya manne da nama, amma hannu baya tabbatarwa, ko hannun likita ne.

Abin da za a yi a gida ba ko sisi

Ka ɗauki hoto da waya ka ajiye rula a gefen kumburin, ka maimaita duk bayan kwana biyu ko uku a waje ɗaya. Ka auna nauyinsa duk sati a ƙaramin sikeli irin na masu yin kek, ka saka shi a kofi ka ɗora, ka rubuta. In ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa to abin ya yi nisa ko da yana ta zagaye a keji, dan dabba ce da ake farauta a daji, ɓoye ciwo ɗabi'arsa ce. In su biyu ne a raba su yau. Wannan rubutu da hotuna in ka kai wa likita sun rage masa rabin aiki, kuma suna iya rage maka zuwa na biyu.

Akwai yanayin da babu jira: ya daina ci, ko numfashi na masa wahala, ko kumburin ya fashe yana jini, ko ya ninka cikin sati, ko yana a fuska. Dabbar da bata kai gram 150 ba kwana ɗaya ba ci ba sha ya isa ya kwantar da ita.

Maganin kemis

Nan ne aka fi yin asara, kuma dan Allah duk wanda ya karanta ya faɗa wa wani. Mun saba in ƙurji ya fito wa mutum a je kemis a siyo Ampiclox ko amoxicillin, to sai mai hamsta cikin tausayi ya fasa kafso ya barbaɗa a ruwan shansa. Wannan kisa ne. Duk dangin penicillin, da erythromycin, lincomycin, clindamycin da dangin cephalosporin suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa, sai wata muguwa mai suna Clostridium difficile ta samu fili ta zuba guba, gudawa ta ɓalle, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Streptomycin ma guba ce gareshi, kenan allurar nan ta haɗin penicillin da streptomycin da ake yi wa tumaki da awaki, wadda kusan kowane shagon maganin dabbobi yake da ita, bata halatta a jikinsa kwata-kwata. Ko a gaban likita ne ka tambayi sunan abin da za a ba shi, ba rashin kunya ba ne, dan yawancin likitocinmu shanu da tumaki da kaji da dawaki da karnuka suke gani kullum, hamsta sai jefi-jefi. Waɗanda likitoci suke ba shi su ne irin enrofloxacin ko trimethoprim-sulfa, da meloxicam dan rage zafi, kuma da nauyinsa ake lissafa su ɗigo-ɗigo.

Farasitamol da ibuprofen na mutane ma a bar su, babu yadda za a gutsuri ƙwaya a samu daidai jikinsa. Kar a matse, kar a huda da allura ko reza, in ƙari ne jini zai ɓalle kuma jinin jikinsa ɗan kaɗan ne, in ƙurji ne ana iya tura mugunyar ciki. Kar a shafa man zafi, Dettol, Izal, toka ko baƙin mai, duk abin da ka shafa masa sai ya lashe. In ƙurjin ya fashe da kansa ruwan gishiri ya isa: ƙaramin cokali ɗaya ba tozo a ruwa rabin lita, wato ledar fiya wata ɗaya, a tafasa a bari ya huce, a goge a hankali sau biyu a rana kafin a samu ganin likita.

Zuwa wajen likita da ɗan abin hannu

Asibitin dabbobi na gwamnati irin na Gwale ya fi na kuɗi sauƙi, a fara da shi. Tun a bakin ƙofa ka faɗi gaskiya, likita ga abin da nake da shi, me zai iya yi? Ka tambayi kuɗin dubawa daban, na magani daban, na aiki daban. Abu mafi amfani a kan kuɗi kaɗan shi ne a soka siririyar allura a zuƙo abin da ke ciki. In mugunya ta fito an gane, sai a tsaga a wanke a ba da magani, da yawansu suna warkewa sarai. In ruwa ne an gane, in kuma babu abin da ya fito ko ɗan jini ne to an karkata ga ƙari. Hoton cikin jiki na asibiti da gwajin nama suna da amfani amma mai ƙaramin ƙarfi zai iya tsallake su.

Tiyata ta fi yiwuwa kuma ta fi arha lokacin da ƙarin bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, in ya girma fatar da za a rufe wajen ma bata isa. Jiran a tara kuɗi wata biyu sau da yawa shi ke mai da ƙaramin aiki ya zama wanda bazai yiwu ba. A tambaya ko suna da maganin barci na shaƙa, isoflurane, shi ya fi aminci ga ƙaramar dabba a kan na allura. Ba a hana hamsta abinci kafin aiki kamar mutum, tunda baya amai. In a gari ba a samu mai yi ba akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sai dai kuɗin mota da wahalar hanya su ma lissafi ne. Ko cikin gari ne a adaidaita sahu, a fita da sassafe, a saka shi a roba mai huji da ɗan shimfiɗarsa da yankan kokwamba a madadin ruwa, kar rana ta taɓa shi.

A nawa ganin, hamsta ɗan shekara ɗaya mai ƙaramin ƙari ya cancanci a yi masa ƙoƙari, ko da haɗa kuɗi ne tsakanin 'yan gida. Wanda ya haura shekara biyu kuma, mai ƙari babba, ƙin yi masa tiyata ba zalunci ba ne ko da kuɗin na nan, dan zai iya tafiya a maganin barcin.

In ba za a yi aiki ba

Rashin kuɗin tiyata bai sauke nauyin kula ba. Hadisin matar da ta ɗaure kyanwa bata ba ta abinci ba bata sake ta ba sananne ne, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma dabbar keji bata da kowa sai mai kejin. Hamsta mai ƙari zai iya yin watanni yana ci yana wasa. A roƙi likita maganin rage zafi kaɗai, wannan ba tsada. A cire dusar katako a sa yagaggen tishu mara turare, a sauko da kwalbar ruwa, a cire abin hawa da keken gudunsa in ƙarin na gogar ƙasa. Abinci mai laushi: dafaffen ƙwai kaɗan, dafaffiyar kabewa, koko mai kauri ba sukari, ko a jiƙa abincinsa da ruwa.

Zafin Kano shi kansa ciwo ne. Hamsta yana jin daɗi a maki 18 zuwa 24, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu ana wuce 40, lafiyayye ma yana galabaita balle mara lafiya. A ajiye kejin a ƙasa a ɗaki mafi sanyi, a sa masa tayil ko ƙaramar tukunyar ƙasa ya kwanta a ciki, in an ɗauke wuta a naɗe gorar ruwan sanyi da tsumma a jingina a wajen kejin.

In aka kai inda baya ci, baya gyara jikinsa, ya dunƙule waje ɗaya ido a lumshe, ko ƙarin ya zama gyambo yana cizonsa, likita yana iya yi masa allurar da zai tafi cikin barci, kuɗinta bai kai na tiyata ba ko kusa. Wanda zuciyarsa ke masa waswasi a kan hukuncin ya tambayi malami. Amma sakinsa a kwata ko bayan gida wai Allah ya raya shi, ko ba shi maganin ɓera, azaba ce kawai. In kuma likita ya yi zargin polyomavirus, kar a saka sabon hamsta a wannan kejin, a zubar da duk kayan katako da shimfiɗa, dan ƙwayar tana daɗewa a waje bata mutu ba.