Daga Baitulmali zuwa asusun haɗin gwiwa: yadda ƙaramar hukuma ta yi nisa da talakan Katsina

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan a riƙa zuba su kai tsaye cikin asusunsu, kada su bi ta hannun gwamnoni. Ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Antoni janar na tarayya, Lateef Fagbemi, shi ya kai ƙarar jihohi 36, Mai Shari'a Emmanuel Agim kuma ya karanta hukuncin. Kafin magariba labarin ya zagaye majalisun hira daga Ƙofar Soro har Daura, wayoyi sun cika da saƙon murna, ana cewa an 'yanta ƙananan hukumomi. Ni ma na yi murna. Sai dai wanda ya san tarihin lamarin ya san ba yau aka fara yi mana wannan albishir ba, kuma ƙasar Katsina tana da hannu a cikin labarin fiye da yadda yawancinmu muka sani.

Abin da dattawanmu ke kira En'e shi ne kakan ƙaramar hukuma. Bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa a 1903, sun ga ba su da yawan da za su mulki kowane ƙauye da kansu, sai suka bar mulki a hannun sarakuna, jami'ansu, Razdan da Di'o, suna sa ido daga baya. A Katsina sun naɗa Muhammadu Dikko a 1906. A Daura sun maido da tsohon gidan sarauta, aka yi mata tata En'e daban. A Katsina ne kuma, zamanin Razdan Palmer da Sarki Dikko, aka fara gwada tsarin Baitulmali: harajin da aka tara a raba, gwamnatin Turawa ta ɗauki kasonta, saura ya shiga taskar En'e, a rubuta shigarsa a rubuta fitarsa, sarki da hakimai da alƙalai su koma karɓar albashi. Da aka ga ya yi kyau sai aka yaɗa shi sauran lardunan Arewa.

Da wannan taska En'e take riƙe da kusan duk abin da talaka ya sani da sunan hukuma. Makarantar elemantare tata ce, haka ɗakin shan magani, da rijiyoyi, da gandun daji, da burtali, da duba-gari mai leƙa randunan mata, da kotun alƙali, da 'yan doka, da gidan yari. Umarni yana sauka daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, sankira ya zaga da shela. Kuɗin kuma daga aljihun mutanen ƙasar suke fitowa, harajin magidanta da jangalin shanu.

Masu yabon En'e a yau sukan tsaya a nan, amma ba daidai ba ne a tsaya a nan. Duk wanda ya zauna da tsofaffin ƙauye ya ji labarin mutumin da aka shanya a rana saboda bai cika haraji ba, da wanda ya sayar da hatsin da zai ci da damina, da wanda ya tsallaka ƙasar Faranshi, wato Nijar, don gudun malamin haraji, da Bafillacen da ya kwana a daji da garkensa lokacin ƙidayar jangali. Akwai aikin tilas, akwai gaisuwa. Wannan ne ya haifi jam'iyyar NEPU a Kano cikin Agustan 1950, kuma a wannan watan ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, ya miƙe a Majalisar Dokokin Arewa ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul. Daga nan aka fara ɗaure sarki da shawarar majalisarsa, aka yi dokar En'e ta 1954, aka soma shigar da zaɓaɓɓu cikin majalisu.

Duk da haka akwai abu guda da nake so mu riƙe daga wancan zamani. Talaka ya san kuɗinsa ne ke riƙe da hukuma, don da zufarsa ya biya, an ba shi rasit ya adana a cikin tukunya ko akwati. Hukumar ma ta san in manomi bai noma gyaɗa da auduga ba, albashi ba zai fito ba. Ko da tsoro ya cika tsakaninsu, igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Soja ne suka fara kwance igiyar. Da Janar Gowon ya ƙirƙiri jihohi 12 a 1967, lardunan Katsina da Zariya suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya. Cikin 'yan shekaru aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. Sannan babban sauyi ya zo a 1976, shekarar da jihar ta koma Jihar Kaduna: aka yi wa ƙasa baki ɗaya tsari iri ɗaya, ƙananan hukumomi 301, kowace da zaɓaɓɓiyar majalisa, aka kira su mataki na uku na gwamnati, aka yi musu alkawarin kaso daga asusun tarayya. Sarakuna aka mayar da su majalisun masarautu, aikinsu shawara. Tsohon lardin Katsina ya tashi da guda bakwai: Katsina, Daura, Mani, Dutsin-Ma, Kankiya, Malumfashi da Funtuwa.

Wanda ya rubuta gabatarwar kundin wannan garambawul Bakatsine ne, Shehu Musa 'Yar'aduwa, na biyu a gwamnatin Obasanjo ta soja, ɗan Mutawallin Katsina, wato sarautar da ke kula da taskar masarauta. A cikin gabatarwar ya koka da yadda gwamnatocin jihohi suka daɗe suna yi wa ikon ƙananan hukumomi ɗauki ɗai-ɗai, suna barin su ba kuɗi ba ma'aikata. Kusan shekara hamsin ke nan da rubuta wannan kuka, amma in aka karanta wa wani kansila shi a yau zai ɗauka jiya aka rubuta.

A 1979 Balarabe Musa na PRP ya hau kujerar gwamnan Kaduna, ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Talakawa sun yi farin ciki, kuma suna da gaskiya, don an sauke musu kaya mai nauyi. Abin da ba a hango ba shi ne, daga ranar da kuɗin fetur suka maye gurbin haraji, idon ƙaramar hukuma ya bar kallon gona da kasuwa ya koma kallon sama, ana jiran ƙarshen wata. Talaka kuma ya daina jin cewa kuɗin nasa ne. Suka zama "kuɗin gwamnati", waɗanda in an ci ba a ci na kowa ba.

Jamhuriya ta biyu ta wuce ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, gwamnoni sun yi ta naɗa nasu suna ƙirƙiro sababbi, har Janar Buhari ya zo ya soke ƙarin a 1984. Zamanin Babangida ne aka ƙirƙiri Jihar Katsina, ranar 23 ga Satumba, 1987, kuma a zamaninsa ne ƙananan hukumomi suka ɗan sha iska: kasonsu ya tashi daga kashi 10 cikin 100 zuwa 15, sannan 20, aka kuma riƙa tura musu kai tsaye. Aka yi ta yanka sababbi har zuwa 1996 lokacin Abacha, inda adadin ya tsaya a 774. Katsina ta samu 34, Kano kaɗai ta fi ta. Masarautar Daura da ta kasance ƙaramar hukuma ɗaya ta zama biyar: Daura, Mai'aduwa, Zango, Ɓaure da Sandamu.

Sai kundin tsarin mulki na 1999 ya zo da baki biyu. Sashe na 7 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, amma ya bar tsara su a hannun majalisar jiha. Sashe na 162 ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa, kuɗin ƙananan hukumomi su sauka a can. Manufar a takarda ita ce jiha ta ƙara nata a kai sannan a raba. A aikace sai asusun ya zama mashiga wadda gwamna ke riƙe da makullinta. Kafin kuɗi su isa sakatariya an cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarautu, da na ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa, waɗanda sau da yawa a babban birnin jiha ake yanke shawararsu a kuma ba da kwangilarsu. Wasu daga cikin waɗannan cire-ciren suna da hujja, dole a faɗi wannan, domin malaman da suka yi aiki lokacin da albashinsu ke hannun ciyamomi ba su manta da watannin da suka yi ba a biya su ba. Amma abin da ya rage bayan an cire, da yadda aka kashe shi, talaka ba ya gani. Abin da yake ji kawai shi ne "ba a sako ba" ko "an zaftare daga sama".

A 2004 Katsina ta sake shiga tsakiyar rigimar. Jihohi da dama sun ƙirƙiri ƙarin ƙananan hukumomi, sai Shugaba Obasanjo ya hana a saki kuɗin na Legas, Neja, Nasarawa, Ebonyi da Katsina, wadda Umaru Musa 'Yar'aduwa, ƙanen Shehu, ke mulka a lokacin. Sauran suka janye. Legas, can bakin teku, ƙarƙashin Gwamna Bola Tinubu, ta tsaya a kan ƙarin 37 da ta yi a kan 20 da take da su, ta je Kotun Ƙoli, kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin. Ba a gama sakin su ba sai da Umaru ya zama shugaban ƙasa a 2007. Tinubun da ya yi wancan faɗa yana gwamna, gwamnatinsa ce ta kai gwamnoni ƙara a 2024.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. A Yulin 2015, bayan APC ta karɓi mulki, Gwamna Aminu Bello Masari ya rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi 34 na PDP, bisa zargin almundahana. Suka tafi kotu. Sai a Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa wa tsarin mulki, ta umarci a biya su haƙƙoƙinsu, alhali wa'adinsu ya daɗe da ƙarewa. Ba a sake zaɓe ba sai Afrilun 2022. Kusan shekara bakwai ke nan, kuma su ne shekarun da 'yan bindiga suka addabi Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. A daidai lokacin da mutumin ƙauye ya fi buƙatar hukuma kusa da shi, wadda za ta san hanyar da ta lalace da rijiyar da ta ƙafe da makarantar da 'yan gudun hijira suka cika, ba shi da kansilan da ya zaɓa da hannunsa. Wannan yana yi mini ciwo har yau.

Da aka yi zaɓen kuma fa? Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, gwamna ne ke naɗa shugabanninta. A Fabrairun 2025 jam'iyya mai mulki ta lashe kujerun ciyaman 34 da na kansila 361, ba a bar ko ɗaya ba. Ba halin Katsina kaɗai ba ne, ba kuma na jam'iyya ɗaya ba. Jihohin PDP haka suke yi, Katsina ma haka ta saba gani lokacin da PDP ke mulki. Ciyaman ya san wanda ya ɗora shi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko da kuɗin sun sauka a asusunsa kai tsaye, in aka kira shi a waya aka ce ya mayar da kaza, da wane ƙarfi zai ƙi? A 2019 ma hukumar da ke bin diddigin hada-hadar kuɗi ta fitar da ƙa'idar hana gwamnoni taɓa kuɗin, ta taƙaita cire tsabar kuɗi zuwa naira 500,000 a rana, gwamnoni suka garzaya kotu, aka ci gaba da tafiya kamar da. Hukuncin 2024 shi ma ya yi watanni ana ta kafa kwamitoci da batun buɗe asusu a Babban Banki, kuɗi na bin tsohuwar hanya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ayyukan da tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma su ne waɗanda rayuwarmu ta yau da kullum ke kansu: kasuwa, tasha, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, magudanar ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har lasin keke da baro da amalanke. Ku dubi karar shanu ta Mai'aduwa ranar kasuwa, ko buhunan hatsin da ake lodi a Ɗandume. Ana yankar rasit a kan kowace dabba da kowace mota. Nawa aka tara a wata, kuma me aka yi da su? Yawancinmu ba ma zuwa sakatariya sai in yaro zai shiga makaranta ko aikin soja yana neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Alƙaluman rabon kowane wata ana wallafa su, suna nan a intanet, kowace ƙaramar hukuma da sunanta da adadinta, kashi 20.6 cikin 100 na abin da ake rabawa. Da a ce matasan da ke riƙe da zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook na garuruwanmu za su riƙa ɗauko su duk wata, gidajen rediyo su karanta su da Hausa kamar yadda ake karanta sanarwar ɗaurin aure, da tambayar da ake yi wa ciyaman ta tashi daga "ranka ya daɗe, a taimaka mini da na cefane" ta koma tambayar inda miliyoyin watan jiya suka shiga.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya taɓa riƙe ƙaramar hukumar Charanchi, saboda haka ba sai an gaya masa yadda kujerar take ba. Amma gyaran da zai ɗore ba ya rataye a kan halin gwamna ɗaya. Cire asusun haɗin gwiwa daga kundin tsarin mulki, ko karɓe zaɓen daga hannun hukumomin jihohi, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. An kai ƙudurin 'yancin ƙananan hukumomi gabansu a gyaran da aka kammala a 2023, bai samu wannan adadi ba. Duk ranar da aka sake kawo shi zai biyo ta majalisar dokokin Jihar Katsina, kuma waɗanda za su ɗaga hannu ko su sauke, 'yan mazaɓunmu ne, mun san gidajensu, muna haɗuwa da su a masallacin Juma'a da wurin jana'iza.