Adabin Binciken Laifi

Adabin binciken laifi reshe ne na ƙagaggun labarai da ake ginawa a kan wani babban laifi, galibi kisan kai, da kuma faɗi-tashin gano wanda ya aikata shi. Labarin kan fara ne daga inda aika-aikar ta ƙare: an tsinci gawa a ɗaki, ko wata kadara ta yi ɓatan dabo. Daga nan mai bincike ya yi ta bin sawu da baya har ya kamo bakin zaren. Masanin adabi Tzvetan Todorov ya bayyana a 1966 cewa irin wannan littafi labari biyu ne a haɗe, wato labarin laifin da aka ɓoye da labarin binciken da ke tono shi. A Italiya ana ce masa giallo, ma'ana ruwan ɗorawa, saboda launin bangon jerin littattafan da kamfanin Mondadori ya fara fitarwa a 1929.

Asali

Labaran gano mai laifi sun girmi wannan adabi nesa ba kusa ba. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai hikayar tuffa uku. Wani masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla, aka buɗe a gaban Halifa Haruna Rashid, sai ga gawar wata matashiya an daddatsa ta. Halifa ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya kawo wanda ya kashe ta, in ba haka ba a rataye shi. Duk kayan haɗin suna nan: gawa, wa'adi, da alama ƙarama da ke ɗauke da sirrin. Abin da babu shi ne binciken kansa, domin Ja'afaru zama ya yi a gida, mai laifin ya kawo kansa, tuffar kuma, wadda ita ce alamar, ya ci karo da ita ne a aljihun 'yarsa.

A ƙasar Sin an daɗe ana rubuta labaran alƙalai masu warware shari'o'i masu sarƙaƙiya, musamman a kan Bao Zheng, wanda ya rayu daga 999 zuwa 1062, da Di Renjie na zamanin daular Tang. Wani littafi a kan Alƙali Di, da ake jin an rubuta shi a ƙarni na 18, shi ne jami'in diflomasiyyar Holan Robert van Gulik ya fassara zuwa Turanci a 1949. A waɗannan labaran sau da yawa an san mai laifin tun farko, kuma mafarki ko fatalwa na iya taimaka wa alƙali.

Kafuwarsa a ƙarni na 19

Sai da aka sami 'yan sandan ciki a zahiri kafin a same su a littafi. A Faris, wani tsohon ɗan gidan yari mai suna Eugène-François Vidocq ya kafa rundunar bincike ta farin kaya wajen 1811 ko 1812, kuma tarihin rayuwarsa da ya fara fitowa a 1828 ya karɓu ƙwarai. A Landan an kafa rundunar 'yan sandan birni a 1829, sashen bincikenta kuma a 1842.

A tsakanin nan ne, a watan Afrilun 1841, mujallar Graham's ta birnin Philadelphia a Amurka ta buga gajeren labarin Edgar Allan Poe mai suna The Murders in the Rue Morgue, wanda yawancin masana ke ɗauka a matsayin mafarin wannan adabi. An kashe uwa da 'yarta a wani ɗaki na bene a Faris wanda aka kulle ta ciki, 'yan sanda suka rasa ta cewa, sai C. Auguste Dupin ya warware ƙullin da tsabar lura da tunani. Labarai uku kacal Poe ya rubuta a kan Dupin, amma a cikinsu ya aza kusan duk tubalan da aka yi ta gini a kai daga baya: haziƙin mai bincike da ba ma'aikacin hukuma ba, abokinsa mai ba da labarin wanda bai kai shi kaifin basira ba, ɗan sandan da ya kama wanda bai ji ba bai gani ba, da ɗakin da babu ta inda za a fita.

Émile Gaboriau a Faransa ya faɗaɗa salon zuwa cikakken littafi a shekarun 1860, Wilkie Collins kuma a Ingila ya fitar da The Moonstone a 1868, labarin satar wani lu'ulu'u da aka ɗauko daga Indiya, wanda mutane daban-daban ke bayarwa kowa da irin ganinsa.

Sherlock Holmes

Arthur Conan Doyle likita ne da ya yi karatu a Edinburgh, inda malaminsa Joseph Bell ya shahara da iya gane sana'ar majiyyaci da inda ya fito daga kallon hannunsa, tafiyarsa da takalminsa. Wannan ɗabi'a Doyle ya ɗora wa mai bincikensa Sherlock Holmes, wanda ya fara bayyana a 1887 a A Study in Scarlet. Littafin bai yi wani tashe ba. Sunan Holmes ya bazu ne daga 1891, lokacin da mujallar Strand ta soma buga gajerun labaransa wata-wata, kowanne da farkonsa da ƙarshensa, ta yadda wanda bai karanta na jiya ba zai ji daɗin na yau. Doyle ya gaji da shi, domin ya fi son a san shi da littattafan tarihi, sai ya jefa shi a magangarar ruwan Reichenbach ta Suwizalan a Disambar 1893. Masu karatu ba su yarda ba. A 1901 ya dawo da shi a wani labari da aka ce ya faru kafin mutuwar, a 1903 kuma ya nuna ashe bai mutu ba. Jimillar abin da ya rubuta a kansa littattafai 4 ne da gajerun labarai 56.

Zamanin ƙa'idoji

Shekarun da ke tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu su ake kira zamanin zinare na wannan adabi a Ingila. A lokacin ne labarin ya zama kacici-kacici tsakanin marubuci da mai karatu, da sharaɗin kada a yi ha'inci. Ronald Knox, wani limamin Katolika, ya tsara ƙa'idoji 10 a 1929. Daga ciki: dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, ba a yarda da sihiri ko aljanu wajen warware al'amari ba, kada hanyar ɓoye ta wuce ɗaya, kada a kawo gubar da kimiyya ba ta sani ba, duk alamar da mai bincike ya gani sai an nuna wa mai karatu. Ƙa'idar hana gaibu ita ta fi raba wannan adabi da tatsuniya, kuma ita ce ƙashin bayansa, domin idan aljani na iya shiga ɗaki ta bango to babu abin da ya rage a yi tunani a kai. Marubutan sun kafa ƙungiyarsu ta Detection Club a Landan wajen 1930.

Agatha Christie ce ta yi fice a wannan zamani. Ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na wani asibiti a Torquay lokacin yaƙin farko, abin da ya sa guba ta yi yawa a littattafanta, kuma takan bayyana aikinta a jiki daidai. Littafinta na farko, wanda ya gabatar da mai bincike Hercule Poirot, ya fito a 1920, jimillar littattafan binciken da ta rubuta kuma 66 ne. Wanda ta fitar a 1926, The Murder of Roger Ackroyd, ya jawo muhawara: wasu sun ce ta yaudari mai karatu, wasu sun ce duk alamun suna nan ga mai lura.

Salon Amurka da na sauran ƙasashe

A Amurka wani salo ya taso daga mujallu masu araha, musamman Black Mask da aka kafa a 1920. Dashiell Hammett, wanda ya taɓa yi wa kamfanin bincike na Pinkerton aiki, da Raymond Chandler sun fitar da kisan kai daga falon masu kuɗi suka mai da shi titi, inda ɗan sanda ke cin hanci, ɗan siyasa kuma ke da 'yan daba. Chester Himes, baƙar fata ɗan Amurka da ke zaune a Faransa, ya kai salon unguwar Harlem ta birnin New York daga 1957.

Georges Simenon ɗan Beljiyam ya rubuta littattafai 75 a kan Maigret daga 1931, jami'in ɗan sandan da ya fi damuwa da dalilin laifi fiye da dabarar aikata shi. A Japan, Hirai Taro ya ari sunan Poe ya mai da shi Edogawa Rampo. A Suwidin, Maj Sjöwall da Per Wahlöö sun rubuta littattafai 10 tsakanin 1965 da 1975 da niyyar sukar tsarin ƙasarsu, kuma a kan turbarsu Henning Mankell da Stieg Larsson suka biyo.

A Afirka

Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya fitar da Mzimu wa Watu wa Kale da harshen Suwahili a 1960, da mai bincikensa Bwana Msa. Da Yarbanci, Oladejo Okediji da Kola Akinlade sun yi suna a wannan fage. Matasan Najeriya na shekarun 1970 da 1980 sun taso da littattafan James Hadley Chase da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan. A Hausa, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai magana a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, dukansu na 1982, sun fi karkata ga duniyar masu laifi fiye da aikin mai bincike.

Littattafan baya-bayan nan da tattaunawa a kansu

Tun bayan Gone Girl na Gillian Flynn a 2012, littattafan da ke sanya laifin a cikin gida, tsakanin miji da mata, da mai ba da labarin da ba a amince da bakinsa ba, sun yi kasuwa. Cikin marubutan binciken laifi na baya-bayan nan, daga Najeriya akwai Leye Adenle, Oyinkan Braithwaite da Femi Kayode. Daga Gana akwai Kwei Quartey. Manyan kyaututtukan fagen su ne Edgar a Amurka da Gold Dagger a Birtaniya.

Ƙungiyoyin masu karatu kan auna littafin bincike da tambayoyi kaɗan: a wane babi aka gano mai laifin, shin an nuna alamun a fili, kuma dalilin kisan ya kai a yi kisa dominsa? Al'adar da aka fi kiyayewa ita ce kada a kwarmata ƙarshen labari ga wanda bai gama karantawa ba. Wasan kwaikwayon Christie mai suna The Mousetrap, da aka fara nunawa a Landan a 1952, har yau akan rufe shi ne da roƙon 'yan kallo su riƙe sunan mai kisan a cikinsu.