Furen juhuwa a maganin gargajiya na Sin: wa yake wa amfani, yaya ake shansa?

Wane fure ne juhuwa?

Juhuwa shi ne sunan da Sinawa ke kiran furen kirisantimum, wanda masana tsirrai suka sani da Chrysanthemum morifolium. Danginsu ɗaya da shuwaka da tazargade, shi ya sa wanda ya tauna busasshensa zai ji ɗan ɗaci a bayan ƙamshin. Ana tsinkarsa daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ya gama buɗewa, a busar, a sha kamar shayi ko a haɗa shi da wasu magunguna. Tsohon magani ne. Littafin Shennong Bencao Jing, na wajen shekara 2,000 da suka wuce, ya sa shi a ajin farko, wato magungunan da ake ɗauka masu sauƙi ga jiki. Masanin magunguna Li Shizhen ma ya yi bayaninsa a littafinsa Bencao Gangmu, wanda ya kammala a 1578.

Me ake nufi da cewa fure ne "mai sanyi"?

Likitocin gargajiya na Sin suna auna kowane magani da ɗanɗanonsa da kuma zafinsa ko sanyinsa. Juhuwa a wurinsu mai zaƙi ne da ɗan ɗaci, mai sanyi kaɗan, kuma aikinsa yana bin hanyar huhu da ta hanta. Wannan sanyin ba shi da alaƙa da abin da muke kira ciwon sanyi, kuma ba zafin ruwan da ke cikin kofi ake nufi ba. Ko da tururi yana tashi aka sha shi, sanyaya jiki ake cewa yana yi. Haka "hanta" a bakinsu ta fi naman hanta da likitan asibiti ke dubawa faɗi, domin sun haɗa ta da ido, da jiri, da saurin fushi.

Saboda haka abin da ake ba da shi dominsa a ƙayyade yake: farkon mura mai zuwa da ɗan zazzaɓi, da ƙishi, da kaushin maƙogwaro, jan ido da bushewarsa, ciwon kai da jiri irin wanda suke dangantawa da zafin hanta, sai kuma maruru. Murar da ta zo da rawar sanyi, da majina fara tsinkakkiya, ba gumi ba ƙishi, wannan citta ake ba ta a tsarinsu. A ganinsu, wanda ya sha juhuwa a kanta, ƙara mata ƙarfi ya yi. A nan masu saye kan yi kuskure, don sun ji an ce "maganin mura" sun ɗauka mura duk ɗaya ce.

Duk juhuwa iri ɗaya ne?

A'a. Kundin magunguna na hukumar ƙasar Sin ya rarrabe shi da inda aka noma shi da yadda aka busar da shi. Boju daga Bozhou yake, Chuju daga Chuzhou, Gongju daga yankin Huangshan, dukansu a lardin Anhui. Hangju na Tongxiang ne a lardin Zhejiang, Huaiju kuma na yankin Jiaozuo a Henan. Hangju turara shi ake yi kafin a shanya, shi ya sa yake zuwa a danne, furanni manne da juna kamar waina. Gongju kuwa da ɗumin wuta ake busar da shi, sai ya fito fari a buɗe, gindinsa kore. Akwai kuma taiju, wato Hangju da aka tsinke tun yana ƙunshe bai buɗe ba. Ya fi ƙamshi.

A al'adar masu haɗa magani, rawaya ake zaɓa don mura da zazzaɓi, fari kuma don ido da jiri. Na daji, yejuhuwa, wani tsiro ne dabam, Chrysanthemum indicum: ƙanana, rawaya, masu tsananin ɗaci, kuma sun fi sanyi nesa ba kusa ba. Maruru da kumburi ake ba da shi, ba a mai da shi shayin yau da kullum.

Yaya ake haɗa shayinsa?

A kofi mai cin mililita 250, fure 4 zuwa 6 sun isa. A ɗauraye su da ɗan ruwan zafi a zubar, saboda ƙura. A tafasa ruwa, a sauke shi ya huce na minti ɗaya, a zuba, a rufe kofin minti 3 zuwa 5. Rufewar tana da muhimmanci, domin man da ke ba shi ƙamshi da tururi yake gudu. Idan kofin gilashi ne za ka ga furen ya taso sama, ya riƙa buɗewa a hankali har ya koma kamar yanzu aka tsinke shi, ruwan ya zama rawaya mai haske. Ana iya ƙara ruwa sau biyu a kan furen nan kafin ya salance. Don gajiyar ido Sinawa kan jefa 'ya'yan goji, wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace busassu, kamar 10 a ciki, wasu su sa ɗan zuma. Ba shi da sinadarin kafin da ke hana barci, sai dai a gidajen shayi na Guangzhou da Hong Kong ana yawan gauraya shi da baƙin shayin pu'er, wanda shi yana da shi.

Idan a matsayin magani ne, ma'aunin kundin hukuma giram 5 zuwa 10 ne a rana, na daji kuma giram 9 zuwa 15.

Me ya sa wani lokaci yake yin ɗaci, ko ruwan ya koma kore?

Ɗaci daga ɗayan uku ne: an cika fure, an bar shi ya daɗe a ruwa, ko an tafasa shi a kan wuta. Koren kuwa ba rini ba ne. Furen na ɗauke da wani sinadari, kulorojenik asid, wanda ke rikiɗewa kore idan shayin ya jima a buɗe, musamman a ruwan da ke da ɗan kanwa-kanwa kamar na wasu rijiyoyi. Tukunyar baƙin ƙarfe kuma duhu take sa shi. A yi amfani da gilashi ko tangaran, kuma wanda ya kwana a zubar da shi.

Da waɗanne magunguna ake haɗa shi?

Haɗi biyu suka fi shahara. Sang Ju Yin, wanda likita Wu Jutong ya rubuta a littafinsa na 1798 kan cututtukan zazzaɓi, ya haɗa juhuwa da ganyen malberi, wanda tsutsar siliki ke ci, da na'a-na'a, da wasu biyar, don tari mai sauƙi a farkon mura mai zafi. Ba a daɗe ana dafa shi. Na biyu Qi Ju Di Huang Wan, ƙwayoyi ne da ake ba masu bushewar ido da dishi-dishin gani da jiri, yawanci manya. Duka biyun likitansu ne ke ba da su bayan ya duba harshe ya taɓa jijiyar hannu.

Gaskiya ne yana saukar da hawan jini, yana gyara gani?

Furen na da sinadarai irin su lutiyolin da afijenin, kuma gwaje-gwajen ɗakin bincike da na dabbobi sun nuna suna rage kumburi. Amma gwaji mai ƙarfi a kan mutane kaɗan ne, bai kai a ce ya maye gurbin maganin asibiti ba. Mai hawan jini kada ya ajiye ƙwayarsa saboda shayi. Ba ya cire yanar ido, ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro. Muna kuma jan kunne sosai kan ɗiga ruwansa a ido, ko da Apolo ne: ruwan da aka jiƙa fure a ciki ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta. Jan ido mai zafi, ko mai zuwa da raguwar gani, na likitan ido ne tun ranar.

Wa ya kamata ya guje shi?

Mai yawan gudawa, da mai kumburin ciki bayan abinci mai sanyi, da wanda hannu da ƙafarsa ke sanyi kullum: irin waɗannan yakan ɓata musu ciki. Wanda furannin wannan dangi, kamar kamomil, ke sa masa borin jini ko atishawa ya nisance shi, domin ko taɓa tsiron kan jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Mai ciki, mai shayarwa, da mai shan magani kullum su tambayi likita tukuna.

Yaya ake gane mai kyau a kasuwa?

'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou za su same shi buhu-buhu a kasuwar Qingping. A ɗebo kaɗan a tafin hannu a shinshina. Mai kyau furensa a haɗe yake bai warwatse ba, launinsa fari mai ɗan rawaya, ƙamshinsa mai taushi. Wanda ya yi fari fat kuma yana da tsami-tsami mai sukar hanci, an turara shi da farar wuta don ya yi kyan gani kuma ƙwari su bar shi, kuma ragowar hayaƙin nan na tayar wa masu asma da ciwo. Wanda ya yi duhu yana warin fumfuna, ya tsufa ko ya sha laima. Furen ado na masu sayar da furanni ba na sha ba ne, an fesa masa maganin ƙwari. Haka ɗan uwansa fairetaram da ake nomawa a Kenya da Tanzaniya, maganin sauro ake yi da shi. Idan an kawo gida, a zuba a kwalba mai murfi, a ajiye inda ba rana ba laima, da damina kuma a riƙa buɗewa ana dubawa, a shanye shi cikin shekara guda.