Waiwaye: Yadda ramin iyafis ya ɓace daga manyan wayoyi

Ramin nan da ake soka iyafis a jikin waya ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Asalinsa wani babban fulogi ne da masu haɗa kira a ofisoshin tarho suke amfani da shi tun ƙarshen ƙarni na 19. Daga baya aka rage shi zuwa milimita 3.5 saboda ƙananan rediyoyi, sai Walkman, ƙaramar na'urar sauraron kaset ta kamfanin Sony, ya yaɗa shi duniya daga 1979.

Bluetooth kuwa ɗan baya-bayan nan ne. Injiniyoyin Ericsson a Suwidin suka fara aikinsa a 1994, aka raɗa masa sunan wani tsohon sarkin Denmak, Harald Bluetooth. Shekara da shekaru igiya da Bluetooth suna zaune a waya guda, kowa ya ɗauki wanda ya yi masa.

Zaman ya ƙare a Satumbar 2016, da Apple ya fitar da iPhone 7 babu ramin. Kamfanonin LeEco da Motorola sun riga shi a shekarar, amma nasa ne ya girgiza kasuwa. Phil Schiller, wani babban jami'in Apple, ya kira matakin ƙarfin hali, a taron da aka nuna AirPods, iyafis ɗin Apple marar igiya, na dala 159. Samsung ya yi ta zolayar Apple a tallace-tallace, sai ga shi a 2019 ya toshe nasa a Galaxy Note 10. Hujjar masu ƙera wayoyin ita ce samun fili ga batir da hana ruwa shiga. Ta biyun ba ta gamsar da ni ba, domin Galaxy S7 na 2016 yana jure ruwa alhali raminsa na nan.

Abin da ya fi damuna shi ne rediyo. A wayoyi da yawa igiyar iyafis ita ce eriyar FM. In babu ita, tasha ba ta kamawa. Ɗan kasuwar da ke sauraron labarai a Kantin Kwari ba tare da ƙona data ba, wannan igiyar ya dogara da ita. Ba ta neman caji ranar da aka ɗauke wuta, sauti ba ya jinkiri, in ta tsinke kuma sabuwa ba ta da tsada. Na Bluetooth batirinsa na gajiya, kuma da wuya a samu mai canza shi.

Tecno, Infinix da itel, 'ya'yan kamfanin Transsion, har yanzu suna barin ramin a yawancin wayoyinsu masu sauƙin kuɗi.