Bunƙasa ilimi da ƙirƙira a garin Gombe

Bunƙasa ilimi da ƙirƙira wata dabara ce ta raya tattalin arzikin gari wadda a cikinta ake ɗaukar abin da ke kan mutane da abin da hannunsu ya iya a matsayin jari, kamar dai yadda ake ɗaukar gona ko ma'adini ko kasuwa. Ilimin da ake nufi ya haɗa da boko, da koyon sana'a a hannun maigida, da karatun allo, da bitar da malaman gona ke yi wa manoma, har da abin da yaro ke tsinta a YouTube in ya samu ɗan canjin da zai sa data. Ita kuwa ƙirƙira, duk wata sabuwar hanyar yin abu ce da za ta rage wahala ko ta rage asara ko ta ƙara wa kaya daraja, to mai walda da ya gyara injin ɓarar gyaɗa ya daina farfasa ƙwaya shi ma ya yi ƙirƙira, ko da ba wanda ya ɗauke shi hoto.

Inda tunanin ya samo asali

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa in masu sana'a iri ɗaya suka taru a wuri guda, sanin sana'ar yakan bazu tsakaninsu ba tare da an buɗe aji ba, wannan ya leƙa aikin wancan, yaron wannan shago ya koma wancan ya tafi da abin da ya koya. Alfred Marshall na Ingila ya yi bayanin haka tun 1890, sannan a 2018 aka ba Paul Romer na Amurka kyautar Nobel saboda nuna yadda sababbin dabaru ke tuƙa bunƙasar arziki na dogon lokaci. Hujjarsa mai sauƙin ganewa ce: buhun masara in ka ba wani ka rasa shi, amma dabara in ka koya wa mutum goma kana nan da abarka.

Misalan da aka fi kawowa na wuraren da kamfanonin fasaha suka taru su ne yankin jami'ar Stanford a Amurka da birnin Bangalore na Indiya, a gida Najeriya kuma unguwar Yaba ta Legas, wadda har Mark Zuckerberg mai Facebook ya ziyarta a 2016. Amma gaskiya misalan da suka fi kama da Gombe su ne Nnewi da Aba da kuma Panteka ta Kaduna, wuraren da aka koyi ƙera kayan gyaran mota da takalma da injina ta hanyar yaron gida da ubangida.

Yadda Gombe ta taso

Masarautar Gombe Modibbo Buba Yero ne ya kafa ta a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, hedikwatarta na farko Gombe Abba, Turawa suka maida ita Nafada, daga baya a 1919 aka dawo da ita Doma, wato garin Gombe na yanzu. Ke nan in aka gwada shi da su Kano ko Katsina garin yaro ne, kuma baƙi ne suka cika shi, Fulani da Hausawa da Bolawa da Terawa da Barebari da Tangale da Waja da mutanen kudu, kowa ya zo da abin da ya iya.

Abin da ya fara ɗaga garin auduga ce da gyaɗa. An buɗe injin gurzar auduga a 1956, har yau akwai unguwar da ake kira BCGA da sunan kamfanin Turawan da ke harkar audugar, jirgin ƙasa ya iso a 1963, sai kuma a tsakiyar shekarun 1970 aka zaɓi Gombe tare da Funtuwa da Gusau a matsayin wurare uku na farko da aka gwada shirin raya aikin gona da tallafin Bankin Duniya. Wannan shiri shi ne babban misalin tsohon zamani na abin da wannan maƙala ke magana a kai, domin malaman gona ne suka riƙa bin ƙauyuka a kan babur suna nuna wa mutane ingantaccen iri da yadda ake zuba takin zamani da feshi, aka kuma fasa hanyoyin karkara, manomi ya ga gonar gwaji da idonsa ya koma gida ya kwaikwaya. Masarar da ake lodi yau a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe tana da alaƙa da wancan karatu da aka yi a bakin gona.

Kamfanin siminti na Ashaka da ke ƙaramar hukumar Funakaye ya fara aiki a 1979. Ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire jihar Gombe daga Bauchi, garin ya zama babban birnin jiha mai ƙananan hukumomi 11, kuma da yake jihar tana iyaka da Borno da Yobe da Adamawa da Taraba da Bauchi, duk mai ratsa arewa maso gabas kusan sai ya bi ta cikinta. Rikicin Boko Haram ma ya turo mutane da yawa daga Borno da Yobe suka zauna da jarinsu da sana'o'insu.

Makarantu

Ta fannin manyan makarantu kam jihar ba ta da talauci. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ɓangaren fasaha da ke cikin Gombe tun 1977, wadda aikinta horar da malaman da za su koyar da sana'o'in hannu, da Kwalejin Tarayya ta koyar da noman lambu a Dadin Kowa tun 2002, da Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 zamanin Gwamna Danjuma Goje, da Jami'ar Tarayya ta Kashere a 2011, ga foliteknik a Bajoga da Kaltungo, ga kwalejin ilimi a Billiri, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a cikin gari. Ko ba a komai ba, ɗalibai da ma'aikatan waɗannan wurare kasuwa ce guda, masu gidajen haya da masu abinci da 'yan Keke Napep da masu shagon kwafi da buga takardu duk a nan suke ci.

Sai dai wannan cin gefe ne. Abin da masana ke nema shi ne binciken da ake yi a cikin makaranta ya fito ƙofa ya shiga kasuwa, a nan ne kuma ake samun tangarɗa a kusan duk faɗin Najeriya: ɗalibin ajin ƙarshe zai ƙera injin busar da tumatir don ya samu maki, a duba, a tafa masa, a kulle injin a sito ƙura ta rufe shi, shi kuma ya karɓi kwalinsa ya shiga yawon neman aikin gwamnati, alhali ga masu lambu can bakin dam ɗin Dadin Kowa suna zubar da tumatir a lokacin kaka saboda kwando ya faɗi warwas. An taɓa yin irin wannan da tsarin karatu na 6-3-3-4 a shekarun 1980, aka shigo da kayan koyar da fasaha makarantun sakandare, da yawansu suka ruɓe cikin akwatunansu saboda babu wuta babu malamin da ya san kansu.

Matsalar ma tun daga ƙasa take. Yaron da ya gama firamare bai iya karanta jimla ko lissafin canji ba, ba zai karanta littafin bayanin inji ba balle ya rubuta manhaja, kuma arewa maso gabas na cikin yankunan da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makarantar boko, duk da cewa dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole.

Gareji da shago

Makarantar da ta fi kowace yaye mutane a Gombe ba ta da allo ba ta da rajista, ita ce garejin kanikawa da rumfar masu walda da shagon tela da teburin mai gyaran waya. Uba zai riƙo hannun ɗansa ya kai wa maigida ya ce ga amana, yaro ya fara da shara da aike da miƙo sifana, shekara ta farko ma da wuya a bar shi ya kwance ko noti shi kaɗai, a hankali kunnensa ya saba har ya zama in mota ta shigo tun kafin a buɗe bonet ya san abin da ke damunta. In an yaye shi a yi 'yar walima, maigida ya sa albarka, mai hali ya haɗa masa da kayan aiki.

Ka tsaya wajen masu haɗa injina ka ga abin mamaki. Mutum ne zai zo da hoton injin ɓarar masara a waya, maigida ya ƙura masa ido, ya ɗauki alli ya zana a ƙasa, ya aika yaro wajen 'yan gwangwan a nemo tsohon shaf da boris, kwana uku inji ya tashi. A kunna ya yi ta jijjiga kamar zai tashi sama, yaro ya ce "Oga anya wannan fule ɗin bai yi girma ba?", maigida ya harare shi ya ce "kai dai riƙe min nan", can da yamma kuma ka ga an canja fulen ba tare da an ce komai ba. Wannan fa gwaji ne irin na injiniyoyi, abin da ya rage musu shi ne lissafin da zai sa a dace tun karon farko, da sanin wane ƙarfe ne ya dace da abin da zai taɓa abinci, da zane a takarda yadda inji na goma zai fito daidai da na farko. Wannan lissafi kuwa yana nan kwance a kan malamai da ɗaliban da ke nesa da su da tafiyar kuɗin Napep ɗaya, amma ɗan boko na ganin mai walda jahili, mai walda na ganin ɗan boko sai surutu, shi ke nan kowa ya kama gabansa.

Akwai hanyoyin da hukuma ta tanada don haɗa su. Hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF mai hedikwata a Jos, wadda aka kafa a 1971, ita ke kula da shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu na wasu watanni, hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna kuma tana da tsarin gwada gwanintar mai sana'a a ba shi satifiket ko bai taɓa zama a aji ba. Amfanin wannan takarda babba ne, don da ita ce bakanike ko mai haɗa wayar wuta zai iya neman aiki a babban kamfani ko ya shiga takarar kwangila.

Mata nasu a cikin gida yake, shi ya sa ba a cika lissafa shi ba: matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, turaren wuta da humra da aka koya wajen mutanen Borno, ɗinki, girke-girken biki. Waya ta canja musu kasuwa sosai, mace tana ɗakinta za ta ɗora kaya a WhatsApp a yi ciniki a turo kuɗi ta tiransifa a ba ɗan acaɓa ko direban tasha ya kai, jarin kuma yawanci daga adashe yake fitowa.

Wuta, intanet da jari

Duk abin da aka faɗa a sama in ba lantarki labari ne. Dam ɗin Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola tun shekarun 1980 aka gama gina shi, amma injinan wutarsa masu megawat 40 sai da aka haura shekara 30 kafin suka fara aiki, sannan a 2024 ɓarayi suka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe aka kwashe makonni cikin duhu, masu walda da masu niƙa da masu ƙanƙara suka zauna hannu rabbana. Cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya sa janareta ta gagari ƙananan masu sana'a, sai dai abin ya buɗe wata ƙofar, haɗa sola ya zama sana'ar da matasa ke rububin koyo, kamar yadda ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya sa har mai shayi da mai kayan miya suka buɗe asusu, masu POS suka cika kowace kwana.

Ɓangaren fasahar zamani Gombawa na tinƙaho da Farfesa Isa Ali Pantami, ɗan garin, wanda ya shugabanci hukumar raya fasahar sadarwa ta NITDA daga 2016 zuwa 2019 sannan ya zama ministan sadarwa har 2023, a lokacinsa ne aka sa hannu a dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha a Oktoban 2022, dokar da ta tanadi rangwamen haraji da asusun jari ga kamfanonin da suka yi rajista. A ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan 3 a fasahar zamani. Irin wannan horo yana da rana, matsalarsa dai wanda ya fi ƙwarewa shi ke fara tattara komatsansa ya nufi Abuja ko Legas, sai fa wanda ya samu aikin da ake yi daga gida ta intanet ko ya gano wata buƙata ta 'yan kasuwar gari, kamar manhajar rubuta bashi da lissafin kaya da Hausa. Rabon keken ɗinki bayan bitar sati biyu kuwa, wanda 'yan siyasa suka fi so saboda yana kyau a hoto, sau da yawa washegari a kasuwa ake ganin kekunan.

Ta ɓangaren jawo masu zuba jari, jihar ta zo ta ɗaya a rahoton gwamnatin tarayya na sauƙin yin kasuwanci a 2021 da kuma 2023, gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta ware hekta 1,000 kusa da Dadin Kowa don rukunin masana'antu mai sunan Muhammadu Buhari, da nufin su samu wuta da ruwa daga dam ɗin, a Nuwamban 2022 kuma aka ƙaddamar da aikin haƙo man fetur na Kolmani a kan iyakar Gombe da Bauchi. Masana'antun da ake sa rai, na shinkafa da man gyaɗa da tumatir da abincin dabbobi, kowannensu zai nemi masu gyaran injin da masu haɗa wuta da masu awon ingancin kaya da akantoci, kuma al'adar kamfani ce in bai samu gwani mai takarda a gari ba ya ɗauko daga wani wuri, 'yan gari a bar su da gadi da dako.