Hutu a kakar atisayen ɗan tseren keke: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ake lissafa hutu cikin atisaye?

Domin ba a kan sirdi ƙarfi ke ƙaruwa ba. Tuƙi mai tsanani yana cinye sikarin da jiki ya tara a tsoka da hanta, wanda ake kira gilaikojin, yana kuma ɗan yayyaga zaren tsoka. Sai an sauka, an ci, an yi barci, sannan jiki ke gyara ɓarnar har ya ɗora kaɗan a kan yadda yake a da. Wannan ɗan ƙarin shi ake nema. Wanda ya sake matsa wa kansa kafin gyaran ya kammala, gajiya yake tarawa a kan gajiya.

Kwana nawa za a huta a mako?

Kwana ɗaya cur ba hawa keke, biyu ga sabon shiga. Atisaye mai zafi kuwa ya isa sau biyu ko uku a mako, a bar kusan awa 48 tsakaninsu.

Ranar sauƙi, kwanciya za a yi ko a ɗan hau keke?

Duk biyun suna da amfani, amma a nan ne yawancin mutane ke ɓata aikinsu. Tuƙin warware jiki minti 30 zuwa 60 ne, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da giyar keke mara nauyi, ƙafa na juya feda ba tare da dannawa ba. Ma'auninsa: ka iya hira da na kusa da kai, jimla bayan jimla, ba ka haki. Mai na'urar auna ƙarfi kada ya wuce kashi 55 cikin ɗari na ƙarfin da yake iya riƙewa na awa guda.

Matsalar takan fara ne idan wani ya wuce ka a hanya, zuciya ta ce bi shi, ko aka fita da ayari kowa na gwada ƙafarsa a kan tudu. Sai ranar ta tashi a tutar babu: ba ta yi zafin da zai gina ƙarfi ba, ba ta yi sauƙin da jiki zai warware ba, gobe kuma ƙafa ta ƙi amsawa. Duk wanda ya san ba zai iya danne zuciyarsa ba, gara ya jingine keken a gida. A Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, wadda yawanci take da zango 21 da ranakun hutu 2, 'yan tsere kan fita su yi awa ɗaya ko biyu a ranar hutun, a hankali, don kada ƙafa ta yi nauyi washegari.

Mene ne makon sauƙi?

Tsarin da aka fi bi shi ne mako uku ana ƙara nauyi, na huɗu a rage yawan awoyi da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Mai yin awa 10 ya koma 5 ko 6. Waɗanda shekaru suka ja, da masu aikin da ke gajiyar da su, sukan fi jin daɗin mako biyu na aiki, ɗaya na sauƙi. Kada a jira sai jiki ya gaza. A rubuta makon sauƙin cikin jadawali tun farkon kaka.

Me za a ci bayan doguwar tafiya?

Idan akwai wani atisaye cikin awoyi kaɗan ko washegari da sassafe, a nemi sitaci da sikari gram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyin jiki, kowace awa, a awoyi huɗu na farko. Mai kilo 70 ke nan gram 70 zuwa 84 a awa. Furotin gram 20 zuwa 40 a zama ɗaya ya wadatar. A hau sikeli kafin fita da bayan dawowa, duk kilo ɗaya da ya ragu a mayar da ruwa lita 1.25 zuwa 1.5 tare da ɗan gishiri, ana kurɓa sannu a hankali. Duk da haka, babu abin da ya kai barcin awa 7 zuwa 9. Tausa da ruwan sanyi bayansa suke.

Ta yaya mutum zai gane ya wuce gona da iri?

A riƙa auna bugun zuciya kowace safiya kafin a tashi daga shimfiɗa. Idan ya haura yadda aka saba da bugu 5 zuwa 10 kwana biyu ko uku a jere, a sassauta. Akwai kuma akasinsa a kan keke: kana dannawa iya ƙarfinka amma bugun ya ƙi hawa. Ga barci mai yankewa, saurin fushi, rashin son abinci, mura a kai a kai. Kwana uku zuwa biyar na sauƙi kan magance gajiyar tun tana ƙarama. Idan mako biyu suka wuce babu sauyi, a ga likita, don ƙarancin jini ko cin abincin da bai kai aikin ba na iya zama sanadi. Mai zazzaɓi kuwa kada ya taɓa keke sam, domin atisaye cikin zazzaɓi hatsari ne ga zuciya.

Gab da babbar gasa fa?

Kwana 8 zuwa 14 kafin ranar, a rage yawan tuƙi da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, amma a bar zafinsa da yawan fita kusan yadda suke: gajerun gudu masu ƙarfi, da dogon hutu a tsakani. Wanda ya daina gudun gaba ɗaya yakan zo layin farawa da ƙafa a mace.

Idan kaka ta ƙare, ba za a rasa abin da aka gina ba?

Za a rasa kaɗan, kuma ya dace a rasa. Mako biyu zuwa huɗu na hutu suna ba gwiwa, baya da ƙwaƙwalwa damar warwarewa. Numfashi ne ke fara ja baya, saboda ruwan jini yana raguwa cikin makonnin farko, amma yana dawowa da wuri ga wanda ya daɗe yana tuƙi. Makon farko a bar keken gaba ɗaya, sannan a shiga tafiyar ƙafa ko iyo. In za a koma, a fara da kusan rabin awoyin da aka saba, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako.